Jinin Ya'u

Ranar da tsibin buhunan gyaɗa ya rufto wa Ya'u a rumfar Kamfani ta bakin kasuwar Kabo, ubansa Mijinyawa yana bayan gari yana cire wa wata karsana kaska. Da ya ɗaga kai ya ga ƙaninsa Jalo tsaye a kansa, ba sallama, ba takalmi a ƙafa, sai ya saki igiyar ya bi shi gida. Bai tambaye shi komai ba. Me zai tambaya? Mutum mai shekarun Jalo ba ya fitowa da gudu don akuya ta tsinke.

A kan wani tsohon ƙyaure leburori suka kawo gawar Rugar Yelwa, ƙauyensu da ke gefen Durun. Sunan ruga ne kawai ya rage wa garin. Kakanninsu ne suka yi yawo da shanu, su kam sun zauna, sun yi gini, sun kama fartanya, shanun sun koma 'yan ƙalilan a turke. A gaban masu ɗaukar ƙyauren akwai Jibirin ɗan Jalo, yana ɗingishi, rigarsa a yage, idonsa a bushe ƙamas. Tare da Ya'u suka tafi dakon gyaɗa da kaka ta yi, ɗaki ɗaya suke kwana a Kabo. Nono ɗaya ma suka sha, domin uwar Jibirin ta rasu yana cikin tsumma, Inno matar Mijinyawa ta haɗa su biyun ta shayar.

Yadda abin ya faru kuwa ba ɓoyayye ba ne, duk Kabo ta sani. Motocin Kamfani sun yi jinkirin zuwa kwasa, gyaɗa tana ta shigowa, sai aka aiko daga sama cewa ba za a ƙara rumfa ba, a ci gaba da ɗora buhu kan buhu. Buhunan kuma na bara ne da na bara waccan, gara da rana sun gama cin ƙarfinsu. Shugaban leburori ya yi magana, aka ce masa umarni ne. Aka yi ta ɗorawa har tsibin ya kusa taɓa kwano. Ran nan Ya'u ya hau katako da buhu a ka, Jibirin yana can bisa yana jerawa, sai na ƙasa suka fashe, gefe guda ya zame gaba ɗaya. Jibirin ya faɗo ta baya, ya tsira da targaɗe. Ya'u kuwa sai da aka yi ta tono da hannu. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi.

To, Ya'u ɗan fari ne, kuma a gidajen irin su Mijinyawa akwai kunya mai nauyi tsakanin iyaye da ɗan fari. Tun da aka raɗa wa yaron suna, uban bai taɓa furta sunan da bakinsa ba. “Kai” yake ce masa, in ba ya wurin ya ce “wancan”. Bai taɓa ɗora shi a cinya ba. Inno ma haka, duk lallashi da wasa da ɗan ƙanzon tuwo a kan Jibirin take juye su, don shi ba kunya a tsakaninsu. Baƙo in ya gani sai ya ce ba sa ƙaunar nasu. Ƙarya ne wallahi! Mijinyawa yana gane takun yaron nan tun daga bakin burtali, kuma in ya ji shi yakan gyara zama ya yi kamar bai ji ba.

Aka zauna makoki a ƙofar gida. Mutane suka yi ta zuwa daga Durun da Dugabau, har daga Madadi inda dangin Inno suke. Mijinyawa yana amsa gaisuwa, fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma ya sa an naɗe wata sabuwar tabarma an jingine ta daban, ya hana kowa hawa. Da Jalo ya tambaye shi ta wa ce, ya ce ta mai Kamfani ce.

Kada wani ya yi masa dariya. A saninsa, kuma a sanin ubansa da kakansa, in shanunka suka yi wa mutum ɓarna, ba saniyar ake turawa ta ba da haƙuri ba, ba kuma wanda ya kai su kiwo ba. Kai mai shanun za ka taka da ƙafarka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce ni ne. Mai gona kuma, in ɗan halak ne, ya ce na yafe. Shi da kansa ya yi hakan ba sau ɗaya ba, a kan 'yan kunyoyin dawa ma, balle rai. Ba diyya yake so ba, Allah ya sani, tun a bakin kabari ya ƙudurta zai yafe. Abu guda yake nema: wanda jinin yake wuyansa ya zo ya ce shi ne, ya yafe masa, a shafa fatiha. Abin da ke hana shi sukuni shi ne kada yaron ya tashi gobe ƙiyama yana dube-duben wanda zai kama, alhali ubansa ya bar maganar a warwatse.

Mai Kamfani bai zo ba. Wanda ya zo wani baran Alhaji Lurwanu ne, attajirin da ke saya wa Kamfani gyaɗa a Kabo. Ya sauke turmin akoko da buhun gishiri daga kan jaki, ya durƙusa ya ce Kamfani ya ce a ba da haƙuri.

Mijinyawa ya ce, “Ina shi?”

Baran ya ce shi dai aiko shi aka yi.

“To mayar masa. Ka ce na gode, ka ce ina nan ina jiransa.”

Bayan sadakar bakwai ya ɗauki sandarsa ya tafi Kabo. Alhaji Lurwanu ya karɓe shi da mutunci, wannan ba a hana shi ba. Ya tashi tsaye, ya shimfiɗa masa buzu, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya mutan gida, ya bisashe. Har ƙwalla Alhaji ya share da hannun riga, kuma ta gaskiya ce.

Ya ce, “Malam Mijinyawa, da nawa ne da tuni na zo na faɗi a gabanka. Rumfar nan ba tawa ba ce, buhunan ba nawa ba ne, ko sikelin nan da ka gani nasu ne. Ni saye kawai nake yi musu. Aka ce a ɗora, na ce a ɗora.”

“Wa ya ce?”

“Daga Gwarzo aka aiko.”

Washegari ya kama hanyar Gwarzo. Can ne Kamfani yake da babban sito da dogon kanti mai ƙofa biyu. Ta wannan ƙofa ya sayi gyaɗarka, ta waccan ya sayar maka da gishiri da kananzir da kwanon rufi da ƙyallen da za a lulluɓe ka ranar da ka mutu. Hanyar motar da ya biyo ma don gyaɗar Kamfani aka share ta, rijiyar da ya sha ruwa a bakin kasuwa Kamfani ne ya haƙa. Mutane suna gode masa, suna zaginsa, suna kai masa gyaɗa, duk a rana ɗaya.

Aka nuna masa babban akawu, wani saurayi Bakano mai suna Musbahu, yana tsaye yana soka wani tsinken ƙarfe a buhu yana zaro ƙwaya yana dubawa. Mijinyawa ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Musbahu ya ce, “Allah ya jiƙansa. Wanne ne, Baba?”

“Wanda buhu ya danne a Kabo.”

“Leburori gare mu da yawa, a Kabo da wasu wuraren. Sunansa fa?”

Mijinyawa ya duba hagu, ya duba dama, ko akwai wani ɗan garinsu da zai faɗa a madadinsa. Babu. Daga ƙarshe ya ce, “Ya'u.” Karon farko ke nan a duniya da sunan ya fito daga bakinsa, kuma ya fito ne bayan mai shi ya daina amsawa, a gaban mutumin da yake murza gyaɗa a tafin hannu ko waiwayowa bai yi ba. Abin ya yi wa tsohon ciwo fiye da ranar jana'iza.

Musbahu ba mugu ba ne. Da ya juyo ya ga fuskar mutumin sai ya ajiye ƙarfen, ya ja shi inuwa ya zaunar da shi a kan buhu.

Ya ce, “Baba, in gaya maka gaskiya, wanda kake nema babu shi.”

“Ya rasu ne?”

“Ba ya rasuwa ma. Baturen da ya aiko da umarnin an mayar da shi wata ƙasa, wani ya zo Kano a madadinsa. Shi ma yana da na sama a Ikko, na Ikko suna da nasu a ƙetaren teku, kuma duk ma'aikata ne kamar ni. Masu shi kuwa mutane ne barkatai, kowa ya zuba ɗan abinsa yana jiran riba. Akwai tsofaffin mata a cikinsu da ba su san ko a bishiya gyaɗa take fitowa ba. In ka tara su ka tambaye su, kowa zai rantse bai taɓa jin sunan Kabo ba, kuma bai yi ƙarya ba.”

Mijinyawa ya ce, “Gyaɗar da ta danne shi, an kwashe ta?”

“Ana kwasa.”

“Ribarta wa zai ci?”

“Su ɗin.”

“Ashe ribar ta san hanyar gidajensu, jinin ne bai sani ba.”

Musbahu ya kira mai fura ya saya masa, tsohon ya yi godiya bai sha ba.

A hanyar dawowa ya yi ta juya maganar, ta ƙi shiga kansa. Abin da ke da rumfa da mota da bakin ba da umarni, a ce ba shi da wuyan ɗaukar laifi? Haba! Ya yanke cewa ɓoye shi suke yi, ko kuma shi mai abin ne nauyi ya hana shi fitowa, manya sukan yi haka. Amma ba mai dukiyar da ba ya zuwa ganin dukiyarsa, ko ba jima ko ba daɗe. Don haka ran kasuwar Kabo ya ɗauki buzunsa da carbinsa da butarsa, ya je bakin rumfar da abin ya faru, dab da sikeli, ya shimfiɗa ya zauna.

Bai tare hanya ba, bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Jira kawai yake. Amma a ƙasar nan wa yake wuce mai makoki? Duk manomin da ya iso da jakinsa sai ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya haƙuri, Malam? Haƙuri da godiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙansa, Allah ya sa can ta fi nan, Allah ya ba da dangana. Sannan a ɗaga hannu a yi fatiha, na bayansa ma ba zai yarda a ce shi bai yi ba. Awon da ake yi wa jaki goma kafin a juya sai ya zama da ƙyar ake sallamar biyu. Jakuna suka yi jerin gwano har cikin 'yan tumaki, suna kuka, masu su suna durƙushe. Leburori kuma suka ce su kam ba za su iya hawa tsibin nan ba uban Ya'u yana kallonsu. Mai awo ya yi tsaki har ya gaji.

Haka ya yi ta yi, da safe ya zo, da yamma ya koma. A Rugar Yelwa tsofaffin mata suka fara riƙe baki. A kan ɗan fari? Ina kunyar ta tafi? Jalo ya same shi ya ce, “Yaya, don Allah ka bar maganar nan, ka bar wa Allah.” Mijinyawa ya ce ai barin yake so ya yi, wanda zai bar wa ɗin yake nema. Jibirin kuwa tun ranar bai sake taka Kabo ba. Yana gida, ya rame, ba ya shiga cikin samari, in an ba shi tuwo ya ɗan taɓa ya rufe. Inno ce ke dama masa kunu tana zama a kansa sai ya shanye.

Alhaji Lurwanu ya roƙa, ya aiko liman ya roƙa, duk a banza. Rannan da hantsi sai ga mota ta tsaya a bakin rumfa, ba irin ta ɗaukar buhu ba. Mijinyawa ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara rawani, a zuciyarsa yana cewa alhamdu lillahi, ga shi ya zo. Mutum biyu suka sauko, ba su kalle shi ba. Suka kwance sikeli daga inda yake rataye, suka ɗora a mota, suka ja ƙyauren rumfa suka sa kwaɗo. Ɗaya ya ce wa jama'a Kamfani ya dakatar da saye a Kabo, mai gyaɗa ya kai Gwarzo.

Ka ji yadda ake yi, ba duka ba zagi. Ga lokacin haraji ya zo, ga gyaɗa jibge a ɗakuna, ga wanda aka sa wa ranar biki, ga wanda rufin ɗakinsa ke jira. Mai jaki ya yi sammako ya kai Gwarzo ya dawo a galabaice. Wanda ba shi da jaki ya ɗora a ka, ko ya sayar wa masu tare hanya a yadda suka ga dama. Mijinyawa bai fasa zuwa ba, yana zama a gaban rufaffen ƙyaure, amma gaisuwar ta fara gajercewa. Masu durƙusawa suka koma ɗaga hannu daga nesa, masu ɗaga hannu suka koma sauya hanya. Wata rana wani mutumin Dugabau, wanda ya yi masa fatiha da hawaye a farkon zaman, ya tsaya da buhu a ka, gumi yana zuba, ya ce da ƙarfi, “Wai ɗanka ne kaɗai ya taɓa mutuwa a ƙasar nan?” Ba wanda ya kwaɓe shi.

Sai mai garin Rugar Yelwa ya aika aka kira shi. Ya ce, “Malam Mijinyawa, ka yi nasara. Kamfani ya yarda. Jibi za a zauna a nan zaurena, za a kawo maka wanda ya yi.”

Allah sarki, tsohon har da wanke babbar rigarsa, aka kai ta bugu. Ya shirya abin da zai faɗa, ya yi ta maimaitawa a zuci: ba zai ja magana ba, ba zai kunyata baƙo ba, da ya ce ni ne zai ce na yafe maka duniya da lahira. Ya sa Inno ta ajiye ƙwaryar nono mai kyau, don kada baƙo ya tashi bai sa komai a baki ba.

Ranar, da hantsi, ya isa zauren. A gindin bishiyar ƙofar gida ya ga 'yan doka biyu a zaune, ya ɗauka rakiyar babban baƙo ce. A ciki ga mai gari, ga liman, ga Alhaji Lurwanu, ga Musbahu akawu, ga dattawan gari sun cika bango. Ga kuma Jalo a lungu, kansa a tsakanin gwiwoyi. Mijinyawa ya gaisa, ya zauna, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ba baƙuwar fuska ko guda.

Musbahu ya miƙe. Muryarsa ba ta fita sosai, kuma bai kalli tsohon ba. Ya ce Kamfani ya yi bincike, ya tambayi waɗanda suke wurin. Ya ce tsibin buhu ba ya zamewa sai in an jera shi ba daidai ba, kuma mai jerawa shi ne wanda yake bisa a lokacin. Ya zauna da sauri.

Mai gari ya ɗaga hannu, aka shigo da Jibirin. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rarrafo har gaban Mijinyawa, ya durƙusa, ya sa goshi kusa da ƙasa.

Ya ce, “Baffa, ni ne.”

Mijinyawa ya ce, “Tashi! Wa ya sa ka?”

“Ba wanda ya sa ni, Baffa. Ni ne a sama. Ƙafata ce a kan buhun da ya fara zamewa. Tun ranar nake jinsa a tafin ƙafata.”

Abin baƙin cikin ke nan, yaron ba ƙarya yake yi ba, ya yarda da abin da yake faɗa. Ba a doke shi ba, ba a yi masa barazana ba. Zaunar da shi kawai aka yi a gidan Alhaji, aka yi ta tambayarsa cikin lumana, wa ke sama, wa ke jerawa, har abin da ya daɗe yana cinsa a zuci ya samu waɗanda za su ce masa haka ne.

Mijinyawa ya juya ga jama'a. Ya ce, “Buhunan ruɓaɓɓu ne. Ba wanda bai sani ba a nan. Alhaji, ba kai ka ce mini an ce a ɗora ka ce a ɗora ba? Akawu, ba kai ka ce mini Bature ne ya aiko ba?”

Alhaji Lurwanu ya dubi carbinsa. Musbahu ya dubi rufin zaure. Dattawan nan, waɗanda kowannensu gyaɗarsa tana jibge a ɗaki, suka yi tsit kamar ba su da harshe.

Mai gari ya gyara murya ya ce, “Malam Mijinyawa, mutum ka nema, ga mutum. Ya amsa da bakinsa a gaban shaidu. In ka yafe, magana ta ƙare a zauren nan, sikeli ya dawo Kabo ran kasuwa. In ba ka yafe ba, ni ba ni da ikon riƙe maganar rai. Sai in miƙa shi ga waɗancan da ke waje su kai shi gaban alƙali, daga can kuma wataƙila sai Kano.”

“In na ce ba shi ba ne fa?”

“Shi ya ce shi ne. Kai ba ka wurin.”

Sai a lokacin tsohon ya gane abin da 'yan dokan suke jira. Ya dubi ƙeyar Jibirin, ga tabon nan na lokacin da ya faɗo daga kan jaki yana ƙarami, shi da kansa ya ƙona tsumma ya danna masa. Ya dubi Jalo. Jalo ya ɗago, idonsa ja wur, ya ce, “Yaya,” ya kasa ƙarawa. Mijinyawa ya nemi wata hanya ta uku a cikin kansa, ya nema ya nema, babu. In ya yi shiru a tafi da yaron a ɗaure. In ya yi magana ya ɗora masa abin da ba zai sauke ba har ya mutu.

Ya ce a hankali, “Na yafe.”

Liman ya ce, “A ɗaga murya, Malam, shaidu su ji. Wa ka yafe wa, kuma me ka yafe?”

Tir da wannan tambaya, ko da yake ƙa'ida ce, liman bai ƙirƙiro ta ba. Mijinyawa ya rufe ido ya ce, “Na yafe wa Jibirin jinin ɗana, duniya da lahira.”

Zaure ya ɗauka, madalla, madalla, Allah ya saka da alheri, Allah ya ba da lada. Aka ɗaga hannu aka shafa. Har wasu suka fara raha tun ba su gama sa takalmi ba, ana tambayar ko sikelin zai iso tun jajibirin kasuwa. Musbahu ya fita ta gefe ya shiga mota. 'Yan doka suka miƙe suka kakkaɓe wando, suka bi shi.

Mijinyawa ya kama hanyar gida, Jibirin yana binsa a baya da ɗan nisa, Jalo kuma ya tsaya a zauren bai iya tashi ba. A hanya wasu mata masu ɗibar ruwa suka ratse gefe, ba tsohon suke kallo ba, na bayansa suke kallo, ɗaya ta ja 'yarta ta matso da ita jikinta. Labari ya riga su isa.

Inno tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba tun rasuwar, yanzu ma idonta a bushe yake. Jibirin ya shigo ya ce, “Inna,” ya durƙusa daga bakin turke. Ba ta amsa ba. Mijinta take kallo.

Ta ce, “Malam, an ce ka yafe wa Jibirin.”

“Ba shi ba ne, Inno. Wallahi ba shi ba ne. Buhunan ne, kowa ya sani, da ban faɗa ba da yanzu...”

“Ka yafe masa ko ba ka yafe ba?”

“Na yafe.”

“A gaban liman?”

“A gaban liman.”

Ta jinjina kai. Ta san mijinta tun tana yarinya, ta san bai taɓa faɗin abin da ba haka ba a gaban liman, ko a kan kaza.

Ta ce, “To in ba shi ba ne, me ka yafe masa?”

Mijinyawa ya buɗe baki. Jibirin ma, daga inda yake durƙushe, ya ɗago kai yana jiran amsar.